Daga Indararo Zuwa Kwazazzabo

Kowace shekara, idan muka kai kan darasin koguna a labarin ƙasa, mukan zana magangarar ruwa a allo, watau wurin da kogi yake faɗowa daga kan dutse zuwa ƙasa. Ɗalibai su kwafa a littattafansu, su haddace saboda jarrabawa, daga nan kuma shi ke nan. Ba mu ga laifinsu ba. Yaron da ya tashi a Dingyadi ko Bodinga ko Shagari, ƙasar da ya sani shimfiɗaɗɗiya ce, sai 'yan tuddai masu bajajjen kai nan da can. Gulbin da ya sani a hankali yake tafiya, da rani ma yakan janye ya bar yashi. Saboda haka yakan ɗauka wannan darasi labarin mutanen Jos ne ko na Amurka. To, da masu shirya mujallar makaranta suka nemi gudummawarmu ta bana, sai muka ga ya kamata mu nuna wa ɗalibai da iyaye da sauran 'yan'uwa cewa abin nan da muke zanawa a allo yana nan bayan gonakinmu, yana kuma cin ƙasarmu kowace damina.

Bari mu fara daga gida. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin soro ya san indararo. Idan aka yi ruwa, abin da ya sauka a kan rufi duka yakan taru ya bi ta wannan ɗan bututu, ya zubo ƙasa wuri guda. Bayan ruwan ya ɗauke, je ka duba inda ya zuba. Za ka tarar da ɗan rami, tsakuwa a kwance a cikinsa, ƙasa mai laushi kuwa ta tafi. Ka duba gindin katanga, za ka ga feshin ruwan ya fara cinsa. Idan mai gida ya ƙyale, damina biyu ko uku gindin ginin zai rarake, saman yana nan garau kamar ba abin da ya same shi, har ranar da zai zube gaba ɗaya. Shi ya sa iyayenmu suke ajiye dutse ko fasasshen tulu a ƙarƙashin indararo, suke kuma yaɓe gindin katanga kafin ruwa ya sauka. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin darasin. Indararo ƙaramar magangara ce.

Me ya ba ruwa wannan ƙarfi, alhali abu ne da muke ɗiba da tafin hannu? Na farko nauyi. Tankin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa mita ɗai-ɗai ne yana cin lita 1,000, nauyin ruwan kuwa tan guda ne, daidai da buhun siminti 20. Na biyu gudu. Ruwan da ya faɗo daga tsayin mita 5 yakan iso ƙasa da gudun kusan kilomita 36 a awa, kamar babur a cikin gari. Kuma a kimiyya mun koya cewa idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin bugu yakan ninka sau huɗu. Na uku, ruwan kogi ba shi kaɗai yake zuwa ba. Yana ɗauke da yashi da tsakuwa da ƙananan duwatsu, su ne haƙoransa. A gindin magangara ruwan yakan yi ta juyi yana jujjuya waɗannan duwatsu a wuri ɗaya, kamar mace tana niƙa a kan dutsen niƙa, har su haƙa rami mai zurfi. Bugu da ƙari, ruwan yakan kutsa cikin kowace tsaga da iskar da ya danno, ya buɗa ta kaɗan kaɗan.

Amma babban sirrin yana ga yadda duwatsun suke jere. A wurare da yawa dutse hawa-hawa ne, mai tauri a sama, mai taushi a ƙasa. Ruwa ya bi ta kan mai taurin ya kasa yi masa kome, sai ya faɗo, feshinsa da juyinsa su koma baya su riƙa cin mai taushin. Yau da gobe sai kogo ya samu a bayan ruwan, dutsen sama ya zama kamar rumfar da aka cire wa ginshiƙi. Wata rana nauyinsa ya rinjaye shi, ya karye ya rufta. Gutsattsarinsa su zama sababbin haƙora, aiki ya sake farawa. Duk lokacin da haka ta faru, bakin magangarar ya ja da baya ke nan, ya nufi inda kogin ya fito. Hanyar da ya bari a gabansa, mai zurfi, mai tsayayyun bango hagu da dama, ita muke kira kwazazzabo. Watau kwazazzabo sawun magangara ne. Ruwa gaba yake tafiya, magangara kuwa baya take tafiya.

Misalin da littattafai suka fi kawowa shi ne Nayagara, a kan iyakar Amurka da Kanada, inda ruwan wani babban tafki mai suna Iri yake gangarawa zuwa tafkin Ontariyo. Tsayin magangarar ya wuce mita 50. Samanta dutse ne mai tauri dangin farar ƙasa, ƙarƙashinta kuwa laka ce da ta daskare ta zama dutse mai ɓarewa. Masana sun auna sun ce cikin shekara wajen 12,000 ta ja da baya kimanin kilomita 11, watau kusan mita guda a shekara, kuma kwazazzabon da ta bari yana nan kowa na gani. Mutane sun sha ganin ruftawar da idonsu. A 1850 wani makeken dutse da 'yan kallo suka saba tsayawa a kansa ta ɓangaren Kanada ya karye ya faɗa, a 1954 kuma wani ya rufta ta ɓangaren Amurka. A 1969 injiniyoyi sun tare ruwan ɓangaren Amurka na wasu watanni domin su duba lafiyar dutsen. Tun da aka fara karkatar da ruwa mai yawa zuwa injunan lantarki kafin ya iso bakin, ja da bayan ya ragu ƙwarai. A riƙe wannan, za mu komo kansa: da aka rage ruwan da ke zuwa baki, sai cin ya ragu.

A nan Afirka muna da wadda ta fi ta girma, a kan kogin Zambezi tsakanin Zambiya da Zimbabuwe. Mai bishara David Livingstone ya iso wurin a 1855, ya sa mata sunan sarauniyar Ingila, Biktoriya, ko da yake mutanen ƙasar suna da nasu suna tun da daɗewa, mai ma'anar hayaƙi mai tsawa. Faɗinta ya wuce mita 1,700, tsayinta ya kai mita 108. Ita tata hanyar daban ce. Dutsen wurin baƙin dutse ne na aman wuta, mai tauri daga sama har ƙasa, amma yana da dogayen tsagogi da abu mai taushi ya cike. Kogin yakan sami tsaga ɗaya ya kwashe abin da ke cikinta, ya yi magangara a nan. Sa'an nan ya sami wuri mafi rauni a bakin, ya huda ta nan ya ja da baya, har ya tarar da wata tsagar. Shi ya sa kwazazzaban da ke ƙasa da ita suke karkace-karkace kamar tafiyar maciji, kowane lungu tsohuwar magangara ce da ruwa ya gama da ita ya wuce. Ruwa ba ya kokawa da wuri mai ƙarfi, rauni yake nema.

Ƙasarmu ma Allah bai hana ta irin wannan kyauta ba. Akwai Gurara a Jihar Neja, a gefen hanyar Suleja zuwa Minna, mai tsayin mita wajen 30. Akwai Matsirga kusa da Kafanchan, wadda duk Bahaushen da ya ji sunanta ya san ruwa ne ke tsirgowa. Akwai Assop a Hawan Kibo kan hanyar Jos, da Farin Ruwa a wajen Wamba ta Jihar Nasarawa. Yawancinsu a kan duwatsu masu tauri ƙwarai suke, don haka cinsu a hankali ne, mutum ya yi rayuwarsa duka bai ga canji ba. Kuma suna da amfani. Kamfanin NESCO da aka kafa a 1929 ya daɗe yana samar da lantarki daga magangarar Kurra a ƙasar Filato. Madatsar Shiroro, wadda ta fara aiki a 1990 da ƙarfin megawat 600, a bakin kwazazzabon da kogin Kaduna ya sassaƙa aka gina ta, gama inda kogi ya matse tsakanin duwatsu nan ne tare shi ya fi sauƙi. Wanda Allah ya ba shi zarafin zuwa ɗaya daga cikin waɗannan wurare ya je ya gani, ganau ya fi jiyau.

Yanzu mu komo gida. Masana duwatsu sun nuna cewa ƙasar Sakkwato ta taɓa zama ƙarƙashin teku a zamani mai nisa. Shaidar tana nan: a cikin farar ƙasar da ake haƙa a Kalambaina domin yin siminti, da duwatsun wajen Dange, ana samun ɓawon halittun ruwa da suka zama dutse. Abin da wannan yake nufi gare mu shi ne, ƙasar da muke takawa hawa-hawa ce ta yashi da yumɓu da farar ƙasa, duk masu taushi. A samansu kuwa, a kan tuddai da fako, akwai marmara, ja mai tauri, wadda fartanya ba ta kama ta. Ku lura da tuddanmu, kansu a baje yake kamar tebur. Marmarar ce ta zama musu hula ta tsare abin da ke ƙasa, inda hular ta yage kuwa ruwa ya kwashe. Mai tauri a sama, mai taushi a ƙasa. Ashe zanen da muke yi a allo hoton ƙasarmu ne.

Wani zai ce, ai mu ruwanmu kaɗan ne. Gaskiya ne, abin da muke samu a shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba. Amma cikin wata huɗu yake sauka, mafi yawansa a Yuli da Agusta, sau da yawa kuma kamar da bakin ƙwarya. Mu yi ɗan lissafi. Milimita guda ta ruwan sama a kan hekta guda lita 10,000 ce. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50 a dare ɗaya, hekta guda ta karɓi lita 500,000 ke nan, watau duro 2,500. Idan gona ce mai ciyawa da itatuwa da kunya, ƙasa za ta sha kaso mai yawa. Idan fako ne da aka sare itatuwansa, dabbobi suka tattake shi, yawancin wannan ruwa gudu zai yi. Zai bi turbar ƙafa, ko burtali, ko sawun amalanke, ko bakin kwalbati, ko ramin da aka ɗebi ƙasar gini, har ya sami ɗan wurin da zai faɗa. Ko da tsayin wurin bai wuce gwiwa ba, an sami magangara.

Daga nan labarin Nayagara ne sak, sai dai wannan ba ya jiran shekara dubu. Ruwan ya haƙa rami a gindi, ya ci yashin da ke ƙarƙashin marmara ko ƙarƙashin saiwar ciyawa, baki ya rufta, kan kwazazzabon ya matsa gaba cikin gona. Abin da Nayagara take ci a shekara, namu yana iya cinsa a dare ɗaya. Mun ga gonar gado da ta rabu biyu, mai ita sai ya zagaya kafin ya kai ɗaya ɓangaren. Mun ga turbar da yara suke bi zuwa makaranta ta yanke, da itacen da saiwoyinsa suke reto a iska. Ƙasar da aka kwashe kuma ba ɓacewa take yi ba, fadama take sauka, yashi ya binne wurin da ake noman albasa da shinkafa. Mai tudu ya yi hasara, mai fadama ya yi hasara. Wanda yake so ya ga ƙarshen wannan hanya ya tambayi mutanen Agulu da Nanka a Jihar Anambara, inda kwazazzabai suka haɗiye gidaje da gonaki, mutane suka bar garuruwan kakanninsu.

Abin da muka lura mutane suka fi yi shi ne zuba shara da ƙaya a cikin ramin, ko jera buhunan yashi a inda ya fi faɗi. Ruwan farko ya kwashe su. Mai maganin kwazazzabo sai ya tuna cewa baya yake tafiya, don haka bakinsa yana can sama, a kansa. Aiki na fari shi ne rage ruwan da ke isowa kan, kamar yadda ya faru a Nayagara: a yi kunya a gicciye, kada ta bi gangare, a jera duwatsu a kan fako, a dasa gamba ko jema a iyakar gona, a bar sabara da kalgo da geza su tsaya. Na biyu, a sassabe tsayayyen bakin nan ya zama gangare, a shimfiɗa duwatsu a inda ruwan yake faɗawa, daidai da dutsen da ake sa wa indararo. Na uku, a cikin ramin a yi ƙananan shingayen duwatsu da yawa a jere, tsakiyarsu ta fi gefe ƙasa, domin ruwa ya wuce a hankali ya bar yashinsa. Ƙanana goma sun fi babba guda. Kuma a daina ɗibar yashi a gindin bango.

Kada a ce wannan zancen littafi ne. 'Yan'uwanmu Hausawa na ƙetaren iyaka sun gwada. A Keita, cikin ƙasar Adar ta Jamhuriyar Nijar, tun daga 1984 aka yi wani babban aiki da taimakon ƙasar Italiya, inda mutanen ƙauyuka, mafi yawansu mata, suka ɗauki duwatsu a ka suka jera a kan tuddai da cikin ƙoramu, aka dasa itatuwa, har fako ya koma ba da hatsi. A wajen Maraɗi kuma, a 1983, wani ma'aikacin mishan na SIM ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da manoma suke sarewa kowace shekara lokacin sharar gona kututturan itatuwa ne masu rai. Ya shawarci manoma su zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi su bari, su sassabe sauran. Da fari an yi masa dariya. Daga baya dabarar ta bazu daga gona zuwa gona, har bincike ya nuna itatuwa sun komo a fili mai faɗin hekta wajen miliyan 5 a kudancin Nijar. Ba injin, ba kuɗi mai yawa, sai wuƙa da haƙuri. Ƙasarsu ta fi tamu ƙarancin ruwa. In sun iya, me zai hana mu?

Sai dai aikin ba na mutum ɗaya ba ne, gama ruwan da ya ci gonar wani daga gonar wani ya fito. Ruwa kuma ba ya tambayar ko mai gonar masallaci yake zuwa ko majami'a. Kakanninmu suna da gayya. Muna roƙon dattawan ikilisiya da ƙungiyar matasa da zumuntar mata su je wurin mai unguwa da maƙwabtanmu, a sa rana, a fita tare tun da rani, kafin hadarin farko. Littafin Farawa ya nuna mana cewa aikin fari da Allah ya ba ɗan adam shi ne noman gona da kiyaye ta. Mukan tuna da noman, mu manta da kiyayewar.

Ya ku ɗalibai, musamman ku da kuke barinmu bana, akwai sauran magana guda. Dukanku kun san misalin da Ubangijinmu Yesu ya bayar na magina biyu. A yadda Luka ya rubuta shi a sura ta 6, mai hikimar sai da ya yi haƙa mai zurfi kafin ya sa harsashi. Mutumin da ya yi gini a kan marmarar bakin kwazazzabo zai rantse a kan dutse ya gina, alhali taki kaɗan a ƙarƙashinsa yashi ne, ruwa kuma yana ci. Haka rayuwa take. Farar riga, da sakamako mai kyau, da murya a ƙungiyar mawaƙa, duk ana ganinsu daga sama. Amma 'yar ƙarya ta yau, da leƙen takardar wani a jarrabawa, da canjin aike da ba a mayar ba, su ne feshin da ke cin gindi. Ranar da mutum ya rufta, jama'a su ce abin ya zo farat ɗaya. Bai zo farat ɗaya ba, an daɗe ana rarake shi. Haka nan kuma alheri yake aiki: shafi guda kowane dare, addu'a kowace safiya, dutse guda a kan shinge. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga aikin hutu, tun da dogon hutunmu a tsakiyar damina yake faɗuwa. Kowa ya nemi kwazazzabon da ya fi kusa da gidansu, ya bi shi har kansa. Ya auna taki goma daga bakin zuwa sama, ya kafa turke. Bayan kowane babban ruwa ya koma ya sake aunawa, ya rubuta kwanan wata da abin da ya rage. Amma a kiyaye: kada kowa ya tsaya a kan bakin, gama ƙarƙashinsa kogo ne, kada kuma a shiga cikin ramin idan akwai hadari, ko da a nesa yake, kuma a hana ƙanne wasa a ciki. Ku nuna wa iyayenku abin da kuka rubuta. Masu dawowa su kawo mana littattafansu a makon fari na sabon zango.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mu da gonakinmu. Amin.